Yadda za ka bi sawun duhu in kana karanta littattafan Yahudawan da suka tsira daga sansanonin Hitler

Duk wanda aka ba shi littafin Night (wato Dare) na Elie Wiesel, ko a aji ko shi ya nema don kansa, abu na farko da zai ji ana faɗa shi ne wai dare a littafin yana nufin yaron ya rasa imani, shikenan an gama. Ba ƙarya ba ne, amma jimla ɗaya ce kuma kowa ya iya ta, har wanda bai buɗe littafin ba zai iya kwafo ta daga intanet ya manna. In kana so ka fahimci abin da gaske, ko ka rubuta abin da lakcara zai tsaya ya karanta har ƙarshe, dole ka nuna yadda aka yi daren ya koma haka, a ina ya fara, a ina ya juya, kuma wane irin rashin imani ne ma tukuna.

Fara da sanin wanda yake magana. An haifi Wiesel a 1928 a garin Sighet, yau yana cikin Romaniya amma a lokacin yaƙin yana hannun Hangari. A watan Mayun 1944, yana ɗan shekara 15, aka loda su a taragon dabbobi shi da iyayensa da 'yan'uwansa mata aka kai su Auschwitz, babban sansanin kisa na Hitler a ƙasar Polan, cikin Yahudawan Hangari sama da 430,000 da aka kwashe tsakanin Mayu da Yuli na shekarar. Mahaifiyarsa da ƙanwarsa Tzipora tun a ranar isowa aka raba su da shi, bai sake ganinsu ba. Shi da babansa aka tura su aikin bauta a Buna, wani reshen Auschwitz, daga nan tafiyar ƙafa cikin dusar ƙanƙara a Janairun 1945, sai sansanin Buchenwald a Jamus inda uban ya rasu, sojojin Amurka suka iso a 11 ga Afrilu. Wannan ya ishe ka. Kuma don Allah ka ajiye rigimar siyasar yau a gefe na ɗan lokaci, ko mene ne ra'ayinka a kanta, wanda ke gabanka yaro ne da ake ƙona mutane a gaban idonsa.

Yanzu ka ɗauki fensir. Littafin ƙarami ne, shafi ɗari da 'yan kai, za ka iya gama shi a zama biyu. Karatu na farko kar ka yi alamar komai, ka karanta kawai. A na biyu ne za ka riƙa ja layi a duk inda aka ambaci dare, duhu, magariba, wayewar gari, wuta, hayaƙi, kyandir, taurari. A gefen kowane ɗaya ka rubuta abu biyu a taƙaice: me ya faru a wurin, kuma ina yaron yake da Ubangijinsa a daidai wannan lokacin, yana addu'a ne, yana fushi ne, ko ya yi shiru. Wannan na biyun shi ne mutane suke tsallakewa, kuma shi ne aikin gaba ɗaya.

Abin da za ka fara cin karo da shi zai ba ka mamaki, domin a shafukan farko dare ba abin tsoro ba ne sam. Yaron ya ce da rana yana karatun Talmud, babban littafin shari'a da koyarwar malamansu, da dare kuma ya ruga wurin ibadarsu yana kuka saboda rushewar haikalinsu na Ƙudus, kuma da yamma bayan kowa ya watse ne yake zama da wani talaka mai hidimar wurin, Moishe, suna zurfafa cikin ilimin asirai na Kabbalah a ɗan hasken kyandir. Ka ga kenan dare shi ne lokacin da ya fi kusa da Ubangiji. Mu wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, mun san tsayuwar dare, kuma su ma Yahudawa ranarsu daga faɗuwar rana take farawa kamar yadda daren Juma'a yake riga yinin Juma'a a lissafinmu, Asabar ɗinsu ma da magaribar Juma'a take shiga a kunna kyandir. To in ba ka riƙe wannan farkon ba, duk abin da zai biyo baya ba zai yi maka nauyi ba. Abin da aka yi wa yaron shi ne an ƙwace masa lokacin da yake ganawa da Ubangijinsa aka cika shi da wani abu daban.

Daga nan ka bi yadda aka ƙwace shi, sannu a hankali. Labarin za a kwashe su da dare ya zo, uban yana cikin ba mutane labari a tsakar gida aka kira shi taro, ya dawo wajen tsakar dare fuska a kwance. A cikin tarago da dare ne wata mata, Madam Schächter, take ta ihu wai tana ganin wuta, aka ɗauka ta zare, har aka ɗaure ta aka buge ta don ta yi shiru. Sun isa Birkenau, sashen Auschwitz inda ake ƙona gawawwaki, wajen tsakar dare sai ga wutar tana fita daga bututun hayaƙi. Sai ka lura da wata dabara da marubucin yake yi, yana ta ƙirga daren ƙarshe: daren ƙarshe a gida, daren ƙarshe a unguwar da aka killace su, daren ƙarshe a tarago, daren ƙarshe a Buna. Kowane ɗaya ana cewa shi ne na ƙarshe kuma gari bai waye ba.

A nan ne yawancin masu rubutu suke zamewa, sai su kawo lissafin da aka saba, duhu sharri, haske alheri. Bai yi aiki a wannan littafin ba. Duba jerin da ka yi, za ka ga kusan duk hasken da ke cikinsa na wuta ne, wutar murhun ƙona gawa, wutar ramin da ya ce ya ga ana zuba jarirai a ciki a darensa na farko. Ita ce ma ya ce ta cinye imaninsa, a wancan sashen da kowa ya sani inda yake ta maimaita cewa ba zai taɓa mantawa ba. Wato ba duhun ne ya kashe imanin ba, abin da wutar ta haska masa ne ya kashe shi, duhun shi ne abin da ya rage bayan nan. Kuma akwai wurin da duhu yake zama kamar rufin asiri, misali a sansanin Gleiwitz, inda tafiyar ƙanƙarar ta kai su, cikin rumfar da aka cusa su suna danne juna wasu na mutuwa, wani saurayi Juliek ya ɗauko gogensa irin na Turawa ya kaɗa wani yanki na kiɗan Beethoven cikin baƙin duhu, da gari ya waye sai ga shi a mace gogen a farfashe kusa da shi. Daren ne ya ba da kiɗan, safiya ta kawo gawa. In ka sa wannan a rubutunka ka riga ka wuce rabin ajin.

Sai tambaya mai wuya, wacce ni a ganina ita ce zuciyar maganar: me ya rasa takamaimai? Kar ka yi saurin rubuta cewa ya daina yarda akwai Allah. Shi da kansa ya ce bai musanta samuwarsa ba, adalcinsa yake shakka, kuma ya kawo sunan Annabi Ayuba a wurin. Tattara hujjojin ka jera su. A daren farko da mutane suka fara karanta Kaddish, addu'ar da suke yi wa mamaci, suna yi wa kansu da ransu, ya ji fushi ya taso masa, me zai sa ya tsarkake sunan wanda ya yi shiru, amma da aka tunkari ramin wutar sai ya ji bakinsa yana karanta ta ba da son ransa ba. Ranar sabuwar shekararsu dubban fursunoni suna addu'a shi yana tsaye yana jin shi ne mai ƙara, Ubangiji ne wanda ake ƙara. Ranar Yom Kippur, babbar ranarsu ta azumi da neman gafara, bai yi azumi ba, wani ɓangare don uban ya hana shi, wani ɓangare don bore. Amma can a hanyar ƙanƙara, da ya gane ɗan wani malaminsu ya gudu ya bar tsohon ubansa da gangan, sai ga shi yana roƙon Ubangijin da ya ce bai ƙara yarda da shi ba, kar ya bar shi ya yi wa nasa uban haka. Mutum ba ya ƙarar wanda babu shi, kuma ba ya roƙonsa. Kalaman suna da kaifi, wasu za su yi maka nauyi a baki, ba kuma an ce ka yarda da su ba ne, aikinka ka faɗi daidai abin da yaron ya ce ba tare da ka ƙara ko ka rage ba. A cikin Attaura akwai maganar Ubangiji ya ɓoye fuskarsa daga mutanensa, malamansu sun daɗe suna tattauna ta, kuma duhun Wiesel ya fi kama da wannan. Bayan yaƙin ma ya ci gaba da addininsa yana kuma ci gaba da gardamar har ya rasu a 2016.

Wurin da aka rataye ƙaramin yaro kowa yana kawo shi, inda wani a baya yake tambaya ina Allah yake. Kawo shi, amma ka haɗa shi da ratayar da ta gabace shi, domin bayan ta farko ya ce miyar wannan yammacin ta yi daɗi fiye da kullum, bayan ta yaron kuma ya ce miyar daren ɗanɗanon gawa take yi. Haka ma mutuwar uban: da dare yana kiran sunan ɗansa bai amsa ba, da asuba wani mara lafiya ne a gadon, ba addu'a, ba kyandir da aka kunna masa. Ka tuna kyandir ɗin shafukan farko.

Da ka gama da Wiesel, gwada ma'auninka a kan wani don kar ka ɗauka duk wanda ya tsira haka yake amfani da duhu. Primo Levi ne ya fi dacewa, ɗan Italiya daga Turin, masanin sinadarai, shi ma a Buna ya yi bauta, littafinsa ya fito a 1947, ana samunsa da Turanci da sunan If This Is a Man. Shi tun kafin a kama shi ba mai addini ba ne, saboda haka ba shi da imanin da zai rasa. Yana da babi guda a kan dararensu amma abin da ke ciki yunwa ne, da bokitin fitsari, da mafarkin yana ba 'yan gidansu labari ba mai sauraro, kuma abin da ya fi tsoro ba dare ba ne, asuba ce, lokacin da ake faɗin kalmar tashi da harshen Polan. Maganarsa mafi zafi a kan addu'a ita ce bayan tantancewar Oktoban 1944, wato ranar da aka ware fursunonin da za a kashe, da ya ga wani tsoho Kuhn yana gode wa Allah don ba a zaɓe shi ba alhali saurayin da ke kusa da shi an zaɓe shi zuwa ɗakin gas. In ka liƙa wa Levi ma'anar da Wiesel ya ba duhu ka yi masa ƙarya. Viktor Frankl kuma, likitan ƙwaƙwalwa daga Vienna da littafinsa ya fito a 1946, ya juya abin ne gaba ɗaya, yana aikin haƙa da sanyin asuba sai ya hango an kunna fitila a wani gidan gona can nesa ya ɗauke ta a matsayin amsa. Shi a wurinsa lissafin haske da duhu na gargajiya yana nan daram.

Wani abu kuma da ya kamata ka sani kafin ka gina komai a kan sunan littafin. Wiesel da harshen Yiddish, yaren Yahudawan gabashin Turai, ya fara rubuta shi, aka buga a Buenos Aires ta Ajantina a 1956, ya fi tsawo sosai, kuma sunansa a kan shirun da duniya ta yi ne, ba maganar dare a ciki. Sai da aka taƙaita shi ya fito da Faransanci a 1958, da gabatarwar François Mauriac, marubuci ɗan Katolika, sannan ya zama Dare. Wata malama Naomi Seidman ta yi rubutu a 1996 tana cewa na Yiddish ɗin ya fi fushi da mutane, na Faransancin ya fi karkata ga maganar Ubangiji da shirunsa. An yi ta gardama a kai, amma abin da za ka ɗauka shi ne duhun nan zaɓi ne na marubuci da ya zauna ya tsara shi shekaru sama da goma bayan abin ya faru, don haka in kana rubutu ka bambanta yaron da ke cikin labarin da babban mutumin da ke ba da shi.

Wajen rubutawa kar ka kwaso duka layukan da ka ja. Zaɓi wurare uku ko huɗu da suke nuna juyawar, ɗaya daga farko lokacin da dare na ibada ne, ɗaya daga Birkenau, ɗaya da ya saɓa wa hujjarka kamar na Juliek ko addu'ar hanyar ƙanƙara, ka yi bayanin me ya sa bai rushe ta ba. Sannan ka faɗi fassarar Turancin da ka yi amfani da ita, don akwai ta Stella Rodway ta 1960 akwai ta matarsa Marion Wiesel ta 2006, kalmomin sun bambanta a wurare da dama, lambobin shafi ma ba ɗaya ba ne, in ka haɗa su mai dubawa zai buɗe nasa ya rasa inda kake.