Babi na Huɗu: Auna Kifi da Rubuta Shi a Littafi

Tun da aka gama madatsar ruwan Lagdo ta ƙasar Kamaru a kan kogin Binuwai a 1982, masunta suke cin abinci a wannan ruwa. Yanzu kowa na kukan kifi ya ƙanƙance. Masu bincike da ke zuwa daga birnin Garwa ba za su san gaskiyar maganar ba sai sun ga tsawon kifin a rubuce. Ku ne kullum a bakin ruwa, don haka ku za ku rubuta.

Darasi na 1: Aunawa

Ga abin da za ku tanada: rula mai santimita, littafi, biro, da allon katako mai laushi.

Kwantar da kifin a kan allo, kansa na kallon hagu. Rufe masa baki. Yanzu duba rular da kyau. A farkonta akwai wata alama zagayayya kamar zobe, haka: 0. Sunanta sifili. Bakin kifi a kan sifili yake zama. Ba a kan 1 ba, ba kuma a gefen katakon rula ba. A kan sifili.

Nan ne kusan kowa yake tuntuɓe, saboda mun saba fara ƙirga da ɗaya. Ba laifi, sannu a hankali za ku saba. Ɗora yatsanka a kan sifili. Ka gan shi? To, kai bakin karfasar nan wurin. Sai ka bi da ido har ƙarshen wutsiya, ka karanta lambar da ke wurin. In wutsiya ta tsaya a 18, tsawonta santimita 18 ke nan. In ka fara daga 1, ka ƙara wa kifin tsawon da ba shi da shi.

Ɗauke shi, ka sake. Ina bakin? A kan sifili. Baba, kada ka ji kunyar maimaitawa, ko sau goma ne.

Amma fa wasunku gaggawa ta yi musu yawa. Mutum ya jefa tarwaɗa a karkace, ya rubuta abin da ya ga dama, ya wuce wurin banda. Wannan ba awo ba ne. Miƙar da ita, baki a sifili!

Darasi na 2: Rubutawa

Layi ɗaya, kifi ɗaya. Rubuta kwanan wata, sunan kifi, tsawonsa, da abin da ya kama shi: koma, birgi, gura ko ƙugiya. Kada ka tsallake ƙanana, su ma a rubuta su.

Darasi na 3: Baƙon Kifi

In ka kama kifin da ba ka taɓa gani ba, kada ka mayar da shi ruwa, kai wa jami'in kula da kamun kifi. Kifin kiwo ma ba a zuba shi a kogi. Giwan ruwa namu ne a nan, amma da aka kai shi Tafkin Biktoriya da ke gabashin Afirka a shekarun 1950, ya cinye ire-iren ƙananan kifaye masu yawa.

Darasi na 4

Auna kifi biyar, ka kawo littafin ranar Asabar.