In ɓarayi sun shiga, ku nemo kwalin waya

Jama'a, Allah Ya kiyaye, amma in an fasa muku gida, kada ku yi saurin gyara ɗaki. Ku ɗauki hoton ƙofar da aka ɓalle tukuna.

Sannan ku nemo kwalin wayar da aka sace. Ɓarawo bai cika ɗaukar kwali ba, kuma a jikin kwalin ake buga lambar IMEI, wato lambar shaidar waya mai lambobi 15. Ita za ku ba 'yan sanda, domin ko an canza layi ba ta canzawa. Lokacin da aka shiga mana, a ƙarƙashin gado na tsinci nawa, duk ƙura.

Sai dai in an kwance wayar an sayar da kayan cikinta, lambar ba za ta dawo da ita ba.

Wanda ya yar da kwalinsa, ya danna *#06# a wayarsa yau tun tana hannunsa, ya rubuta lambar IMEI da ta fito a takarda.