Yadda za ku yanke shawara kan zoben lu'ulu'u na gado: sayarwa, musanya ko ajiyewa

Zoben lu'ulu'u kaya biyu ne a haɗe: zinariyar da aka ƙera shi da ita, da dutsen da ke kansa. A Yamai zinariya kuɗi ce a hannu, duk maƙerin da kuka kai wa zai auna ya biya. Dutsen kuwa masu sayensa kaɗan ne, waɗanda suka san darajarsa ba su kai su yawa ba. Saboda haka kada ku yanke komai sai kun san kuɗin kowanne daban.

Ku fara da sanin mai zoben

Kafin a yi rabon gado, zoben ba na wadda ta same shi cikin akwatin marigayiya ba ne. Sai an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sannan magada su raba saura. Wurin da aka fi samun rigima shi ne "ai Inna ta ce nawa ne". A mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai an karɓe ta tun mai bayarwa tana da rai da lafiya. Idan maganar baka ce kawai ta "in na mutu ki ɗauka", wasiyya ce, kuma ba a yi wa magaji wasiyya sai sauran magada sun yarda. In akwai marayu ƙanana cikin magadan, a sa malami ko alƙali cikin maganar tun farko.

Ku karanta cikin zoben

Ku wanke shi da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, ku goge bayan dutsen da tsohon buroshin haƙori mai laushi. Kada ruwan jabel ya taɓa shi, yana cin ƙarfen da aka gauraya da zinariyar. Sannan ku duba lambar da ke ciki. 750 na nufin karat 18, wato kashi 75 cikin 100 zinariya ce. 585 karat 14 ke nan, 875 karat 21, 916 karat 22. In kun ga 925, azurfa ce, kuma ba a cika ɗora dutse mai tsada a kan azurfa ba. Zoben da ya fito daga Faransa yakan zo da ɗan tambarin kan mikiya, alamar karat 18. Lamba dai ana iya buga ta ƙarya, don haka a bar maƙeri ya goga zoben a dutsen gwaji ya ɗiga asid.

Ku lura, karat na zinariya tsarkinta yake nunawa, karat na lu'ulu'u kuwa nauyi ne: karat ɗaya giram 0.2 ne. Dutse mai kewaye da faɗinsa ya kai milimita 6.5 wajen karat ɗaya ne, mai milimita 5 da ɗan ɗori rabin karat.

Ku gwada dutsen, amma ba da guduma ba

Lu'ulu'u ya fi kowane dutse tauri wajen karce, amma yana tsagewa in ya sha bugu a inda bai dace ba. Karce gilashi da shi ma ba hujja ba ce, na jabu da yawa suna yin haka.

Masu kama da shi uku ne. Zirkon na kanti shi ya fi yawa: ya fi lu'ulu'u nauyi, gefunansa suna dakushewa da daɗewa, kuma na'urar gwaji mai kamar alƙalami tana tona shi nan take. Moisanit ya fi wayo, yana ruɗar na'urar da ke auna zafi kaɗai, sai an sa wadda aka yi dominsa. Na uku shi ne wanda ake haɗawa a masana'anta. Wannan lu'ulu'u ne na gaske, na'urar kanti ba ta bambance shi da na haƙa, amma farashinsa ya faɗi warwas a shekarun nan, kuma kusan ba mai sayen tsohonsa da kuɗin kirki. In an sayi zoben kafin shekarar 2000, da wuya ya zama irin wannan.

Ku bincika akwatin marigayiya ko akwai takardar shaida ta GIA, IGI ko HRD, wato cibiyoyin da ke gwada lu'ulu'u. Ita ke faɗin nauyi, matakin launi daga D (mafi fari) zuwa Z, tsabta da kyan yanka. Sau da yawa lambar takardar tana rubuce a ƙugun dutsen, ana ganinta da madubin maƙera mai ƙara girma sau 10. Duk gwajin da za a yi, a yi shi a gaban idonku. Zobe ba ya kwana a shago, ba ya shiga ɗakin baya.

Ku yi lissafi da kanku

A ce zoben giram 5 ne, dutsen rabin karat, wato giram 0.1. Saura giram 4.9. In 750 ne, tsantsar zinariyar giram 3.67 ce. A ce, don misali kawai, ranar ana sayen giram na tsantsa jika 70: zinariyar zoben ta tashi wajen jika 257. Maƙeri zai rage ribarsa, wannan haƙƙinsa ne, amma yanzu kun san daga inda aka rage. Ku tambayi farashin giram a wuri uku rana ɗaya, a Babbar Kasuwa da wajen maƙeran Wadata misali, domin yana hawa da sauka tare da kasuwar duniya.

Abin da za ku ji shi ne: "Hajiya, mu zinariya muke aunawa, dutse ba mu saye." Ba laifi. Amsar ita ce: "To, Alhaji, a cire mini dutsena a ba ni, a auna saura." Nan mutane suke asara, su bar dutsen a matsayin gyara.

Sayarwa

Ta dace in magada suna da yawa, ba wanda zai iya biyan sauran, ko akwai bashi. Ku sa a ranku cewa dutsen ba zai dawo da kuɗin da aka saye shi ba, sau da yawa ko rabi ba ya kaiwa, domin a kanti an biya haya da ƙira da riba. Ƙananan duwatsu da aka jera kamar gero kusan ba su da kasuwa. Dutse guda da ya kai karat ɗaya, mai takarda, shi ya cancanci haƙuri: kasuwarsa tana Dubai da Anbers ta Beljiyam, ko wajen wata mai neman kayan aure a nan gida. In za ku ba dillaliya ko ɗan kasuwa mai tafiya, a ɗauki hoto, a rubuta nauyi da mafi ƙarancin kuɗin da kuka yarda da ladarsa, da shaidu biyu.

Musanya

A ganina nan aka fi cutuwa, domin farashi biyu ne ake ɓoyewa cikin magana ɗaya. Za a sayi naku a kuɗin narkarwa, a sayar muku da sabo har da kuɗin ƙira. Ga kuma hukunci: zinariya da zinariya sai nauyi daidai, hannu da hannu. A Sahihu Muslim, Fadala ɗan Ubaidu ya sayi sarƙa mai zinariya da duwatsu a dinari 12 ranar Khaibar, da ya raba su sai ya tarar zinariyar ta fi dinari 12, Annabi (SAW) ya ce kada a sayar sai an raba. Mafita ita ce ciniki biyu: ku sayar, ku karɓi kuɗi a hannu, sannan ku yi cinikin sabo.

Ajiyewa

In ba buƙatar kuɗi, kuma dutsen ƙarami ne, wannan ya fi. A yi wa zoben kuɗi bisa tayin masu saye biyu ko uku, wadda take so ta biya sauran magada rabonsu, a rubuta. Namiji ba ya sa zinariya, amma yana iya ba matarsa ko ƴarsa, ko ya sa a mayar da dutsen kan azurfa. A wurin Malikiyya babu zakka a kan kayan adon da mace take sawa. In an ajiye shi a matsayin jari ne, a haɗa zinariyarsa da sauran dukiya a duba nisabi, wajen giram 85.

Ku riƙa duba ƴan faratan da suke riƙe da dutsen. Ku kaɗa zoben kusa da kunne: in kun ji ƙaf-ƙaf, ko yana kama zaren mayafi, a kai a matse kafin biki na gaba. A cire shi lokacin daka da wanki, a naɗe shi cikin ƙyallensa shi kaɗai, domin yana karce awarwaro da ɗan kunnen da ya kwana tare da su.