Kafin a ɗora LUT a kan bidiyon Log

'Yan'uwa masu tace bidiyo, in kun ɗauka da Log (yanayin ɗauka mai dusasshen launi da ke adana bayanan haske da inuwa), LUT (fayil mai sauya launin bidiyo) na farko ya zama mai juya shi zuwa Rec.709, wato ma'aunin launi na talabijin ɗin HD, na kwalliya ya biyo baya. Kuma LUT mai juyawar ya zama na kyamarar ne: S-Log3 na Sony daban, V-Log na Panasonic daban. In aka sauya su, launin fata sai ya lalace.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne jeri. Gyaran haske da daidaita fari su riga LUT, domin hasken da ya ƙone a cikinsa ba ya dawowa. A manhajar DaVinci Resolve, node (matakin gyaran launi) na farko gyara, na biyu LUT. Ni dai Color Space Transform, kayan aikin manhajar da ke yin wannan juyi ba tare da LUT ba, ya fi kwanta mini, ya fi sassauci.

Bidiyon 8-bit kuwa, mai ƙarancin matakan launi, a lallaɓa shi, in an matsa masa sararin sama kan yi layi-layi.