Abubuwan da ke sa a bar rubutunka tun ba a kai rabi ba

Masu rubutu da Hausa sun ƙaru a Maradi, musamman tun da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a shekarar 2025. Ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo suna rubutu, malaman makaranta suna yi, ƴan kasuwa ma suna yi. Abin farin ciki ne. Amma yawancin abin da ake rubutawa ba a karanta shi har ƙarshe, kuma ba don mutane sun ƙi karatu ba ne. Mai karatunka a waya yake karantawa, wataƙila a bakin shago ko a fada ana jiran shayi, da kuɗinsa ya sayi mega, kuma akwai saƙonni da yawa da ke jiransa. Idan ka manta da wannan mutum, ga inda za ka yi tuntuɓe.

Wurin farko shi ne buɗewa. Sai ka ga mutum ya yi sallama, ya gai da manya da ƙanana, ya yi fatan kowa ya tashi lafiya, ya nemi afuwar daɗewar da ya yi bai yi rubutu ba, ya ce yau zai taɓo wani muhimmin batu, har layi takwas bai faɗi batun ba. Sallama tarbiyyarmu ce, ban ce a bar ta ba. Layi ɗaya ya ishe ta. Facebook kansa layukan farko kaɗai yake nunawa a dogon rubutu, sauran sai mutum ya latsa. Mai tallan goro manyan yake jerawa a saman faranti. Kafin ka fara, tambayi kanka: da abokina zan tarar a hanya yana sauri, me zan faɗa masa da farko? Wannan amsar ita ce jimlarka ta farko.

Take ma haka. Wasu suna sa taken da ya fi rubutun girma, irin su "Abin al'ajabi ya faru a Maradi" ko "Karanta kafin a goge", a shiga a tarar ba komai. Mutum zai shiga sau ɗaya, gobe ko gaskiya ka kawo ba zai waiwaye ka ba. Wasu kuma takensu ya yi faɗi har bai ce komai ba, kamar "Noma" ko "Matasanmu a yau". Take mai kyau alkawari ne ƙarami da za ka iya cikawa: "Yadda ake adana wake kada ƙwari su ci shi".

Kuskuren da ya fi damuna, wanda kuma ya fi yawa, shi ne rubutun da ba shi da ƙasa a ƙarƙashinsa. "Noma yana da matuƙar muhimmanci ga ci gaban al'umma." "Ya kamata hukumomi su tashi tsaye." Duk gaskiya ne, amma wa bai sani ba? Irin wannan jimla za a iya rubuta ta a Damagaram, a Kano, a Agadas, ba tare da an canza harafi ɗaya ba, shi ya sa ba ta taɓa kowa. A ce kana son yin magana a kan ambaliya. Maimakon ka ce ambaliya babbar barazana ce, ka tuna wa mutane cewa tsohon garin Maradi a kwarin gulbi yake, ruwan 1945 ne ya sa aka hau tudu inda birnin yake yanzu, sannan ka faɗi unguwar da ka gani da idonka an gina gidaje a kan hanyar ruwa. Nan take mai karatu zai gyara zama, domin garinsa ake magana. In kiwo ne, kada ka tsaya ga "dabbobi dukiya ne". Yi maganar jar akuyar Maradi, wadda ta yi suna saboda kyawun fatarta da yawan haihuwar tagwaye, ka je ka tambayi matar da ke kiwonta me take ba ta a watannin rani in harawa ta yi tsada. In kifi ne, tafkin Madarunfa yana nan kusa, masunta suna nan, kuma suna da bakin magana. Rubutu mai jan hankali yawanci da ƙafa ake fara shi, a je a gani, a tambaya, kafin a zauna.

A nan ne maganar lissafi take shigowa. Mu nan mun saba ƙirga kuɗi da dala: dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, jika kuma sefa 1000. Amma rubutunka ba ya tsayawa a Ɗan Isa. Zai ƙetara Jibiya, ya shiga Katsina, ya kai Kano, inda jaka take nufin naira 200. In ka rubuta cewa tiyar hatsi ta kai kaza ba ka ce sefa ko naira ba, ka rikita rabin masu karatunka. Rubuta adadin da lambobi, ka ambaci kuɗin, ka faɗi kasuwar da ranar. Farashin kasuwar Tibiri daban yake da na Dakoro, na lokacin kaka kuma daban da na tsakiyar damina. Wanda zai karanta bayan wata uku yana bukatar ya san yaushe ne "jiya" ɗin da ka rubuta.

Sai kuma matsalar waɗanda suka yi boko da Faransanci, wato mafi yawanmu. Mutum yana tunani da Faransanci yana zuba kalmomin Hausa a kai. Shi ne za ka ga "taron ya samu wuri a ranar Asabar", alhali Bahaushe cewa yake an yi taron ran Asabar. Ko "magajin gari ya ɗauki magana", maimakon ya yi jawabi. Jimlolin ma sukan yi tsawo irin na takardun ofis, a yi ta saƙa "wanda" da "inda" da "bisa la'akari da" har mai karatu ya manta da mafarin zancen. Maganin yana da sauƙi, kuma yana aiki: karanta abin da ka rubuta da ƙarfi, kamar kana karanta wa inna ko baba da ba su shiga lakwal ba. Duk inda numfashinka ya yanke, sa aya. Duk inda ka san za su ce "me kake nufi?", faɗi abin da bakinka yadda za ka yi musu bayani, sannan ka rubuta wannan bayanin. Kalmar aro da kowa ya saba da ita a kasuwa ba laifi ba ce. Abin da ke kore mutane shi ne rabin jimla Hausa rabi Faransanci, domin ɗan Katsina ba zai gane ba, kamar yadda mu ma ba ma gane nasu in sun cika shi da Ingilishi.

Kada kuma tsoron a ce Hausarka ta ƙauye ce ya sa ka goge muryarka. In gujiya kake cewa, rubuta gujiya. Mai karatu yana jin daɗin ya san daga inda marubuci ya fito.

Ƙa'idar rubutu kuwa ba ado ba ce. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, suna canza ma'ana: baki daban, baƙi daban, kafa daban, ƙafa daban. Manhajar Gboard tana da allon Hausa, saka shi ba ya cin lokaci. Haka raba kalmomi: "na gode" ake rubutawa, "da shi", "a kan tebur", amma "yana" da "suna" a haɗe suke. Gajarce kalmomi irin na saƙon waya, a rubuta "slm" ko "ngd", a bar shi ga hira tsakanin abokai. Sannan a riƙa yanka sakin layi. Allon waya ƙarami ne, rubutu mai layi talatin a dunƙule ido ba ya iya bin sa.

Akwai kuskuren da ya wuce na salo, ya shiga haƙƙin mutane. "An ce", "wata majiya ta shaida mana", "ku yaɗa don Allah". Wa ya ce? A ina? In ba ka gani ba, ba ka kuma ji daga wanda ya gani ba, ko dai ka bincika ko ka bari. Yankinmu na iyaka ne, labarin ɓarayin shanu ko na satar mutane yana tayar da hankalin iyalai da yawa cikin awa guda, wani yana Libiya ko Legas yana ta kiran gida a firgice. Sa sunan mutum ko hotonsa a kan zargin da ba a tabbatar ba yana iya rusa masa aure ko sana'a, kuma tun 2019 Nijar tana da dokar laifukan intanet da ta haɗa da ɓata suna. Ɗaukar rubutun wani a cire sunansa a sa naka shi ma cin haƙƙi ne, kuma ana ganewa, don waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. In maganar wani ta burge ka, ambaci mai ita, ka ƙara abin da kai ka sani.

Na ƙarshe shi ne gaggawa. Yawancin rubutun da ake nadama a kansa cikin fushi aka yi shi, aka tura nan take. Rubuta, ajiye, je ka yi salla ko ka ci abinci, ka dawo ka sake karantawa. A karatu na biyu nemi abin da za ka cire: jimlar da ta maimaita wadda ke gabanta, nasihar da ka liƙa a ƙarshe alhali labarin ya riga ya faɗe ta, batu na biyu da ya kutso wanda ya cancanci nasa rubutun daban. In da hali, tura wa mutum ɗaya da ba ya jin nauyinka, ka tambaye shi wurin da ya fara gajiya. In kuma bayan ka fitar wani ya nuna maka kuskuren suna ko na adadi, gyara a fili ka rubuta cewa ka gyara, domin waɗanda suka karanta na farkon su san an canza.