Yadda za ka tsare bayanan ɗanka, daga takarda har salula

Shagon kwafin takardu gare ni a unguwar Zariya, nan Maradi. Duk watan Oktoba, lokacin komawa lakwal, teburina cika yake da takardun haihuwa. Kowace na ɗauke da sunan yaro, ranar haihuwarsa, garinsu, da sunan uba da na uwa. Abin da ke damuna shi ne yadda iyaye ke sakinsu a hannun kowa.

Fara da takardar. In ka kawo kwafi, tsaya a yi a gabanka, ka karɓi har waɗanda suka lalace, ka je gida ka ƙona. Na taɓa sayen ƙosai aka ƙunshe mini cikin takardar sakamakon wata yarinya, ga hotonta, ga sunan ajinsu, mai ya jiƙa rabin fuskarta. In ta WhatsApp ka turo a buga maka, ce a goge a gabanka, daga salula da kwamfuta, har kwandon shararta. Mai shagon kirki ba zai ji haushi ba. Kwafin da za ka miƙa kuma, rubuta a gefensa dalilin bayarwa da kwanan wata, don kada a sake amfani da shi a wani wuri.

Akwai masu bi gida-gida suna rubuta sunayen yara, suna ɗaukar hoto. Da yawansu aikin gaskiya suke yi, kamar masu rigakafi, kuma ban ce a kore su ba. Amma tambaya ba rashin kunya ba ce. Ka ce: “Malam, wa ya aiko ku? Me za a yi da hoton? Ina za a ajiye shi?” Ka nemi katin aiki, in ka yi shakka ka tuntuɓi mai unguwa. Doka na bayanka: tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan mutum, aka sabunta ta a Disamba 2022, kuma akwai hukumar kare bayanan mutum, HAPDP, a Yamai mai karɓar koke. Kana da haƙƙin sanin abin da aka rubuta a kan ɗanka, da neman a gyara in an yi kuskure.

Salula ita ce babbar kafa. A 2019 Amurka ta ci Google da YouTube tarar dala miliyan 170 saboda tattara bayanan yara ba da yardar iyaye ba. A 2023 Ailan ta ci TikTok yuro miliyan 345 kan yadda yake riƙe asusun yara. Can ma da ake sa musu ido ke nan, balle mu. Su kansu TikTok da Facebook sun ce sai mai shekara 13, don haka kada ka ƙara wa yaro shekaru ka buɗe masa.

Zauna da yaron, ku shiga Paramètres tare, ku duba izinin da kowace manhaja ta karɓa: wurin da kake, kyamara, makirfo, lambobin mutane. Wasan tseren mota ba ruwansa da lambar kakarsa, kashe. A WhatsApp, cikin Confidentialité, mayar da hoton fuska ga waɗanda ke cikin lambobinsa kawai, haka ma masu iya saka shi a rukuni. Sa wa WhatsApp ɗin lambar sirri mai alƙaluma 6, ka riƙe ta a wurinka. Manhajar Family Link ta Google na hana sauko da sabon abu sai ka yarda.

Sai batun hukuma, wanda mutane ke faɗa ƙasa-ƙasa. A Mayu 2020 majalisa ta amince da dokar da ta ba da damar sauraren sadarwa da sunan tsaron ƙasa. A Yuni 2024 aka maido da hukuncin ɗauri cikin dokar laifukan intanet ta 2019, kan ɓata suna, zagi, da yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a. Layin da ke hannun ɗanka da katinka aka yi masa rajista. Ka gaya masa a fili: saƙon WhatsApp a rufe yake tafiya, amma a rukunin mutum ɗari kowa na iya ɗaukar hoton saƙon ya tura gaba, kuma kira da saƙon layi ta kamfani suke bi. Muryar da bai san mai ita ba, kada ya tura.

Mu iyaye ma mu rage. Hoton suna ko walimar sauka, tura wa dangi kai tsaye. Kada ka ɗora yaro da rigar da ke nuna sunan lakwal ɗinsu, don in ka yi haka ka faɗa wa baƙo inda zai same shi da rana tsaka. In za ka kai salula gyara a kasuwa, cire layi da katin ajiya tukuna. In sayarwa za ka yi, fita daga asusun Google, sannan ka goge komai ta koma yadda ta fito daga kamfani.