Ƙwayar ƙarin jini ga mai ciki: yadda ake shanta ta yi aiki

Jar ƙwayar nan da ake ba ki wurin awon ciki abu biyu ne a haɗe: sinadarin ƙarfe, yawanci miligiram 60, da folik asid miligiram 0.4. Ɗaya ake sha kullum har haihuwa. Folik asid ya fi amfani a kwana 28 na farko, lokacin da laka da ƙwaƙwalwar jariri ke haɗuwa. Shi ya sa ɓoye ciki don kunya har wata biyar kafin a je asibitin CSI babbar asara ce. Ki fara awo kafin ciki ya cika sati 12, mai neman haihuwa kuwa ta fara sha tun bai shiga ba.

Inda aka fi yin kuskure a Damagaram shi ne shayi. Mace ta haɗiye ƙwayarta da safe, ta bi ta da kofin shayi mai kauri ko fura da nono. Ganyen shayi yana ɗaure ƙarfen a hanji ya hana shi shiga jini, nono da madara ma suna rage shi. Wata uku tana sha, a auna jini a tarar bai motsa ba, a ce magani ba ya aiki. Ki bar tazarar awa 2 tsakaninsu, ki sha da ruwa zalla, ko ki matsa lemun tsami, don tsaminsa na taimaka wa jiki ya tsotse ƙarfen. In an haɗa miki da ƙwayar kalsiyam, ita da safe, ta jini da dare.

Bahaya zai yi baƙi, wannan ba komai ba ne. In tana tayar miki da zuciya, ki sha bayan tuwon dare. In ciki ya ɗaure, ƙara ruwa da ganye, kada ki bari. Maganar cewa tana girmar da ɗa ya gagara fita ba ta da tushe. Abin tsoro shi ne a shiga naƙuda da ƙarancin jini, inda ɗan zubar da wata za ta jure ke ya kayar da ke.

Ƙwaya ba ta maye tukunya. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, wake, miyar kuka, ƙwai, kifi, nama, soyayyar fara, duk suna nan a kasuwar Dole. Hanta kaɗan, kada ta wuce sau ɗaya a sati, saboda bitamin A ɗinta yana da yawa. Gishiri ya zama mai aidin. Maigida, wannan cefanen naka ne.

Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna cinye jinin da ake tarawa. Daga sati 13 ana ba da Fansidar, maganin kariya daga zazzaɓin, ƙwaya 3 a lokaci guda, wata ɗaya tsakani, aƙalla sau 3. Maganin tsutsa sai bayan wata uku na farko. Gidan sauro kowane dare.

Ja fatar idonki ta ƙasa gaban madubi. In cikinta ya yi fari fat, ga jiri, ga haki daga ɗan ɗaukar bokiti, ko kwaɗayin cin ƙasa, je a auna jini ranar. A sakamakon awon, ƙasa da 11 ƙaranci ne, ƙasa da 7 na gaggawa ne. Ƙwayar kuma a ɗaga ta sama, yara na ɗaukarta alewa, kuma tana iya kashe su.